Jarirai biyu ba ido, ba numfashi: me ya haɗa ido da huhu?

Tambaya daga wani magidanci a Garwa: "Likita, matata 'yar baffana ce. Haihuwarmu ta fari mace ce, lafiyarta ƙalau, tana shekara shida yanzu. Na biyu namiji ne, an haife shi fatar idonsa a rufe, da aka buɗa ba a ga ƙwayar ido ba. Numfashi ya gagare shi, hoton ƙirji ya nuna hanjinsa ya hau sama, ya rasu kwana biyu da haihuwa. Ta uku ma haka ta zo, idanu 'yan mitsi-mitsi, ba ta kai suna ba. A gida ana cewa matata ce ke da iska, wasu na cewa in sake ta. Mene ne wannan, kuma zai sake faruwa?"

Malam, Allah ya ba ku haƙuri kai da maiɗakinka, ya sa masu ceto ne, ya ba ku rayayyu. A matsayina na likitan yara zan amsa maka dalla-dalla, kuma ina roƙonka ka karanta mata, domin maganar ta shafe ta kamar yadda ta shafe ka.

Abin da ka kwatanta yana da suna a ilimin likitanci. Idan jariri ya zo ba ƙwayar ido ko da ƙanƙanuwar ƙwaya, huhunsa bai girma ba, tantanin naman da ya raba ƙirji da ciki yana da ɓula har hanji ya hau sama, sau da yawa kuma da matsala a zuciya, likitoci na kiransa ciwon Matthew-Wood, wasu kuma PDAC, wato haruffan farko na gaɓoɓin nan huɗu a Turance. Ciwo ne da ba a cika gani ba, likita kan yi shekaru yana aiki a ɗakin jarirai bai ci karo da shi ba. Tabbacinsa sai da gwajin jini, amma yara biyu a jere da kama ɗaya, daga iyaye masu lafiya waɗanda suka haɗa kaka, wannan tsari ne da duk likitan da ya karanci ilimin gado zai gane da jin labari.

Mutane kan yi mamaki: ina ido, ina huhu? A jikin babba nesa suke da juna, amma a farkon halitta lokaci ɗaya suke tasowa, kuma abu ɗaya ne ke ba su umarni. Ido yana fara bayyana wajen kwana na 22 da shigar ciki. Huhu yana tsirowa daga hanyar abinci a ƙarshen mako na huɗu. Tantanin da ke tsakanin ƙirji da ciki yana gama rufewa tsakanin mako na 8 zuwa na 10. Duk wannan yana wakana ne tun ɗan bai kai tsawon ɗan yatsa ba, lokacin da mace da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba. Saboda haka duk abin da ake jingina wa matarka, ko fitar magariba, ko ratsa wani wuri da tsohon ciki, ko ganin wani abin tsoro, ya zo ne bayan an riga an gama aikin.

Abin da ke ba da umarnin shi ne bitamin A, ko in ce wani sinadari da jiki ke sarrafawa daga gare shi. An daɗe da sanin haka ta wajen dabbobi. A 1933 wani mai bincike a Texas ta Amurka, Fred Hale, ya wallafa cewa wata alade da aka hana wa bitamin A ta haifi 'ya'yanta duka ba ƙwayar ido. A 1953 Josef Warkany da abokan aikinsa suka nuna a jikin ɓeraye cewa rashin bitamin A a farkon ciki yana lalata ido da huhu da zuciya da wancan tantani a tare, wato daidai gaɓoɓin da suka samu matsala a 'ya'yanka. Abin da ya rage a gano shi ne dalilin da zai sa uwa mai cin abinci lafiya, jininta cike da bitamin A, ta haifi irin wannan ɗa. Amsar ta zo a 2007. A shekarar aka gano cewa bitamin A ba ya shiga ƙwayoyin jiki haka kawai, akwai ƙofa ta musamman a bangon kowace ƙwaya da ke karɓarsa daga jini, kuma ƙwayar gadon da ke ƙera ƙofar ita ce STRA6, wadda ke kan kuromozom na 15, ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. A shekarar dai aka samu wannan ƙwayar gado a lalace a jikin jarirai masu irin wannan ciwo, da dama daga cikinsu 'ya'yan auren zumunci ne. Bitamin yana nan a jini, hanyar shiga ce babu. Daga baya, a 2013, an gano wasu biyu a kan hanyar nan: RARB, wadda ke karɓar saƙon a cikin ƙwayar jiki, da ALDH1A3, wadda ke sarrafa bitamin ɗin, kuma lalacewarta ta fi taɓa ido.

Yanzu ga gaɓar da ta fi muhimmanci ga zaman gidanka. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado wajen 20,000, kuma kusan kowace guda biyu-biyu take, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. A irin STRA6, wanda ke da lafiyayya ɗaya da lalatacciya ɗaya lafiyarsa ƙalau, yana gani, yana numfashi, ba abin da zai nuna masa yana ɗauke da wani abu. Ciwon ba ya fitowa sai ɗa ya karɓi lalatacciya daga uba, ya kuma karɓi lalatacciya daga uwa. Ka san yadda sikila take: mai AS ya auri mai AS, sai a samu SS a cikin 'ya'ya. Lissafin ɗaya ne. In haka ne, rabin abin da ya sami yaran nan daga jininka ya fito, rabi daga nata, kuma mafi kusa ku biyun kun gaje shi ne daga mutum ɗaya, kakanku ko kakarku, ta hanyar mahaifinka da baffanka. Masu cewa matarka ce ke da matsala, in daga gidanku suke, wataƙila wasunsu na ɗauke da abin a jikinsu ba su sani ba. Ina faɗin haka ne don a daina ɗora wa mace ɗaya nauyin da na zuri'a ne gaba ɗaya, alhali ita ce ta ɗauki cikin wata tara sau biyu ta koma gida hannu wofi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a addininmu. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mutum ya je wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zargin matarsa don ta haifi ɗa baƙi. Sai ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Ya ce ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Daga ina ya samo launin? Mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Sai ya ce masa ɗanka ma wataƙila haka ne. Abu kan kwanta a cikin zuri'a tsara bayan tsara, sannan ya bayyana a jika ko tattaɓa-kunne.

Ko zai sake faruwa? In lissafin nan ne, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ɗan ya zo da ciwon, kashi uku cikin huɗu ya zo lafiya. Ka lura da "kowane ciki". Ba a tara lissafin, ba a cewa tun da biyu sun tafi to na gaba dole su tsira, ba kuma a cewa tun da biyu sun zo haka to duk haka za su zo. Kowane ciki sabon lissafi ne, namiji ko mace duk ɗaya. 'Yarku ta fari shaida ce cewa ku biyun kuna iya haifar lafiyayye. Kashi ɗaya cikin huɗu ba ƙaramin abu ba ne, ba zan rage maka shi ba, kuma shawarar sake ɗaukar ciki taku ce ku biyu, bayan ta huta jikinta ya dawo.

Game da sakin da ake zuga ka, in ka rabu da ita ka auro 'yar wani baffan naka daga gidan nan, ba mahaifin matarka ba, akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ita ma tana ɗauke da abin. In bare ka aura, haɗarin ya yi ƙasa ƙwarai, amma haka ita ma in ta auri bare. Saki ba ya cire komai daga jininka.

Kada kuma a ɗauka ina tsine wa auren zumunci. Mafi yawan 'ya'yan da ake haifa a cikinsa lafiyarsu lau. Wani babban bincike da aka yi a birnin Bradford na Ingila, aka wallafa a 2013, ya nuna cewa haɗarin haifar ɗa mai naƙasa yana tashi daga wajen 3 cikin 100 zuwa wajen 6 cikin 100 idan ma'aurata 'ya'yan wa da ƙani ne. Ya ninka, amma 94 cikin 100 suna nan lafiya. Sai dai wannan adadi na gidan da ba a taɓa ganin komai ba ne. Gidan da abu ya riga ya fito, kamar naku, lissafinsa dabam ne. 'Yarka tana da yiwuwar biyu cikin uku ta kasance mai ɗauke da shi, don haka idan lokacin aurenta ya zo, ra'ayina a nema mata miji a wajen dangi, ko a yi gwaji tukuna. In kuma ƙaninka na neman ƙanwar matarka, kamar yadda aka saba a gidajenmu, haɗarinsu a kowane ciki ɗaya cikin goma sha shida ne, kuma ya kamata su sani kafin a ɗaura.

Akwai wasu cututtukan da ke haɗa ido da numfashi waɗanda likita zai so ya ware, kuma warewar na da amfani domin ba duka ake gadonsu ta hanya ɗaya ba. A ciwon Fraser, wanda George Fraser ya bayyana a 1962, fatar goshi ce ke gangarowa ta rufe ido ba tsaga ko kaɗan, yatsu a manne, maƙogwaro a tsuke ko a toshe, wani lokaci ba ƙoda. Ƙwayoyin gadonsa su ne FRAS1, FREM2 da GRIP1, kuma shi ma sai uwa da uba sun haɗu, ɗaya cikin huɗu. A ciwon CHARGE kuwa, wanda ake samu a wajen jariri ɗaya cikin 10,000, akwai giɓi a baƙin ido ko can cikin ido, kunne mai baƙon fasali, raunin ji, matsalar zuciya, da toshewar bayan hanci. Wasu masu bincike a Holan ne suka gano ƙwayar gadonsa, CHD7, a 2004. Sai SOX2, wadda aka gano a 2003, ita ce aka fi samu a jariran da suka zo ba ido duka biyu, kuma wani lokaci hanyar abincinsu a yanke take ko ta haɗe da hanyar iska, sai ka ga jariri na kumfa a baki, yana shaƙewa da zarar an ba shi nono. Waɗannan biyun na ƙarshe galibi sabon kuskure ne da ya faru a ƙwan uwa ko maniyyin uba a wannan cikin kaɗai, iyayen ba sa ɗauke da shi a jininsu, kuma yiwuwar maimaituwa kaɗan ce, wajen 1 zuwa 2 cikin 100. Iyalin da ɗansu ɗaya ya zo da CHARGE ba za a ba su amsar da na ba ka ba.

Ba kuma kowace naƙasar ido ce ta gado ba. Rubela, wata ƙaramar ƙyanda da kan wuce wa babba ba tare da ya damu ba, idan ta kama mace a watanni ukun farko tana jawo yanar ido, kurumta da ciwon zuciya ga ɗan. Likitan ido Norman Gregg ne ya gano haka a Ostareliya a 1941, kuma allurarta na cikin rigakafin da ake yi wa yara a Kamaru tare da ta ƙyanda. Ciwon suga da ba a kula da shi ba, barasa, da wasu magunguna su ma suna yi. Amma rubela ba ta kama mace sau biyu ta ba da kama ɗaya a ciki biyu.

Ina da gargaɗi a nan, don na san abin da zai zo wa mai karatu a rai: tun da bitamin A ne, bari a ɗura wa mai ciki. Kada a yi. In ƙofar ce a lalace, ƙarin bitamin ba ya buɗe ta, kuma yawansa a farkon ciki shi kansa yana lalata halittar ɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance wa mai ciki awo 10,000 a rana, alhali jan kafson nan da ake matsa wa yara a baki lokacin rigakafi awo 200,000 ne. Haka maganin ƙurajen fuska mai suna isotretinoin, ɗan'uwan bitamin A ne, kuma yana daga cikin mafi haɗari ga ciki. Abin da matarka ke buƙata abinci ne: manja, zogale, kabewa, karas, mangwaro, ƙwai, man shanu. In ta taɓa yin dundumi da ciki, ta faɗa wa likita ya auna mata abin da ya dace.

Abin yi tun yanzu, kafin wani ciki: ka tattara duk takardun yaran biyu, karne na awo, hoton ƙirji, takardar sallama, har hotunan waya in akwai, duk da na san kallonsu da ciwo. Ka zauna da tsofaffin gidanku, musamman mata, ka tambaye su ko an taɓa haifar jariri ba ido ko mai ƙaramin ido, ko wanda ya koma a kwanakin farko, ko ɓari mai yawa. Irin wannan labari a wajen gwaggo da inna yake, kuma sau da yawa an binne shi da sunan "bai zo da kwana ba". Ka kai duka wa likitan yara a babban asibitin Garwa, ka nemi a haɗa ku da masu ilimin gado a Yawunde. Ko da yake yaran sun rasu, ana iya gwada jininka da na matarka, domin in ku biyun kuna ɗauke da lalatacciyar STRA6 za a gan ta a jikinku. Irin wannan gwaji galibi ƙasar waje ake aika jinin, yana da tsada, kuma yakan ɗauki makonni ko watanni. Wani lokaci yakan dawo ba a ga komai ba, ko a ga canjin da ba a san fassararsa ba. Hakan ya fi faruwa ga 'yan Afirka, domin rumbunan da ake kwatanta sakamako da su cike suke da bayanan Turawa. Wannan giɓi ne ya sa Farfesa Ambroise Wonkam, ɗan Kamaru masanin ilimin gado, ya yi kira a 2021 da a karanta ƙwayoyin gadon 'yan Afirka miliyan uku. In gwajin bai nuna komai ba, ko kuɗinsa ya gagara, shawarata ba ta canzawa: a ɗauki haɗarin a matsayin ɗaya cikin huɗu, a shirya a kan haka.

In ciki ya samu, ta fara awo da wuri, kuma a gaya wa ma'aikatan tarihin nan tun ranar farko. Ekografin da aka saba yi, wato hoton ciki, na duba kwanciyar ɗa da bugun zuciya, bai wadatar ba. Ana buƙatar na musamman tsakanin mako na 18 da na 22, a hannun wanda ya ƙware, kuma a ce masa ƙarara ya duba gurbin idanu biyu, ya duba ko tumbin ɗan yana ciki ko ya hau ƙirji, ya duba ɗakunan zuciya huɗu da ƙoda. Ruwan ciki da ya yi yawa fiye da kima shi ma alama ce. In an riga an san ainihin canjin da ke jininku, ana iya gwada ɗan tun yana ciki, ta ɗan yankin mabiyiya daga mako na 11 ko ta ruwan ciki daga mako na 15. Sau uku cikin huɗu labari mai daɗi za a ji, kuma matar da ta binne biyu tana da haƙƙin ta yi sauran watanninta da kwanciyar hankali.

Haihuwa kuma a asibiti mai iskar oksijin da likitan yara, komai ƙwarewar ungozomar unguwa. Jaririn da hanjinsa ya hau ƙirji yakan zo da ciki a lotse, bugun zuciyarsa ya koma dama, yana shuɗewa. Ba a so a yi ta hura masa iska da jakar roba ta fuska, domin iskar na cika hanjin ya ƙara danne huhu. Ana zura masa siririn tiyo ta hanci zuwa tumbi a sace iskar, a sa masa bututun numfashi, sai ya daidaita a yi tiyata. Gaskiyar da ya kamata ka sani ita ce, girman huhun ne ke yanke hukunci, ba ɗinkin ɓular ba. Idan huhun bai ginu ba, ko a manyan asibitocin Turai yawancin masu wannan ciwo ba sa daɗewa. Don haka kada ka ci kanka da tunanin da ka kai su wani wuri da sun rayu. Toshewar bayan hanci kuwa tana da sauƙin ganewa kuma ana ceton ta: jariri da hanci yake numfashi, sai ka ga ya shuɗe in ya yi shiru ko yana shan nono, ya washe in ya yi kuka. A buɗe masa baki da ɗan bututu a garzaya da shi. Kuma don Allah, jaririn da ke fama da numfashi kada a kai shi wurin wanzami cire beli, kada a ɗura masa ruwan rubutu ko jiƙo, domin huhu zai tafi. Idon da bai buɗe ba kada a sa masa kwalli ko a matsa masa nono.

Ciwon ba ya zuwa da nauyi ɗaya ko a gida ɗaya. Akwai yaran da STRA6 ta taɓa musu ido kaɗai, huhunsu lafiya, suka rayu suka girma. In Allah ya kawo irin wannan, a duba masa zuciya, ƙoda da ji tun makonnin farko, a kuma kai shi wurin likitan ido da wuri. Ƙashin fuska yana girma ne da turin ƙwayar ido, in babu ita gurbin kan tsuke, shi ya sa ake sa wani ɗan abu na roba mai tsabta a gurbin, ana canza shi da mafi girma yayin da yaron ke girma, har a kai ga idon roba. In ido ɗaya na da sauran gani, komai ƙanƙantarsa, a kiyaye shi da tabarau. Cibiyar ido ta Magrabi da ke Obak kusa da Yawunde, wadda aka buɗe a 2017, tana duba idon yara, kuma likitan idonku na Garwa zai iya rubuta muku takardar zuwa can. Da zarar an yanke cibiyar kowane jariri da za ku haifa nan gaba, mai lafiya ko maras lafiya, ka roƙi a ɗebi jinin cibiyar a ajiye, domin a yi gwajin gado da shi.